Sito Ɗaya, Agogo Biyu: Nazarin Sassaucin Lokacin Aiki a Wani Kamfanin Dillancin Kaya a Sakkwato

Kamfanin da za a yi magana a kansa babban dila ne na kayan masarufi a cikin garin Sakkwato. Yana ɗauko kaya katan-katan daga wani kamfanin ƙasashen waje mai masana'anta a kudu, ya sauke a sitonsa, sannan ya raba wa masu shaguna a Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa da kasuwannin ƙauye, tun daga Bodinga da Tambuwal har Achida da Illela. An sakaya sunayen kamfanonin biyu da na mutanensu, don tsarin aikin ake son gani. Nazarin ya ɗauko daga watan Yuni na 2023 zuwa bayan ƙaramar sallar 2024.

Mutane iri biyu ke aiki a ƙarƙashin rufin kwano ɗaya. Akwai wakilin kamfanin waje, matashi ɗan jihar, wanda albashinsa ke fitowa daga Legas, aikinsa kuma sa ido kan ciniki da tura rahoto. Sai mutanen Alhaji, mai kamfanin dillancin: manaja da ya taso a hannunsa tun yana yaron shago, akawu mace ɗaya, mai kula da sito, direbobi da yaran mota, masu sayarwa, maigadi, da 'yan dako da ake biya a kan kowane katan da suka ɗauka. Ƙofa ɗaya suke shiga, sahu ɗaya suke tsayawa a sallar azahar, amma kowane ɓangare da abin da yake nufi idan ya ce lokacin aiki.

Wanda nasa ke rubuce

Tun bayan kullen korona na 2020 kamfanin waje ya fitar da tsari a rubuce, cewa ma'aikaci yana iya yin wasu kwanakin mako a gida muddin aiki na tafiya. An ba wakilin kwamfutar tafi-da-gidanka, ana ba shi kuɗin data da na mai. Irin wannan tsari daga ƙasashen da iyayen kamfanonin suke yake gangarowa. A Ingila doka ce ta ba ma'aikaci damar neman a sassauta masa lokaci ko wurin aiki, kuma daga Afrilu 2024 yana iya nema tun ranar da ya kama aiki. Ba dole ne a ba shi ba, amma in an hana shi sai an kawo dalili. A Legas ma tsarin yana da ma'ana, domin mutumin da cunkoson motoci ke cinye masa sa'o'i kullum, in an ce ya zauna gida kwana biyu an yi masa babban gata.

A Sakkwato kuwa ba cunkoso ne matsalar ba. Wuta ce da zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yana wuce maki 40, kuma ɗakin da babu fanka mai juyawa ba wurin zama da kwamfuta ba ne. Don haka a ranakun da takarda ta ce wakilin yana gida, sai a gan shi a siton Alhaji ya ja kujera kusa da soket, tun da a nan ne janareta yake. Tarukan intanet kuma da agogon Legas ake tsara su. An sha saka masa taro ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya, a lokacin da garin gaba ɗaya ya nufi masallaci, ya rasa wanda zai faɗa wa don kada a ce ba ya son aiki. Abin da bai taɓa sassautawa ba shi ne adadin cinikin da aka ɗora masa a wata. Saƙon WhatsApp na neman lissafi yana shigowa bayan isha'i, kuma tun da an ce lokacinsa a hannunsa yake, ba shi da bakin cewa ya tashi aiki.

Akwai kuma samari da 'yan mata masu tallar kayan a kasuwa, sanye da rigar kamfanin. Su ba ma'aikatansa ba ne a takarda, wani kamfanin kwangila ne ya ɗauke su. Tsarin bai san da su ba ko kaɗan.

Waɗanda nasu ke bakin maigida

A ɓangaren Alhaji babu takarda. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, amma a wannan sito, kamar a yawancin irinsa, baki ne takarda. Duk da haka wanda ya ce babu sassauci a wurin bai san wurin ba. Direban da mahaifinsa ya rasu a Gwadabawa yana tafiya ya zauna makoki har sadakar bakwai, ba a taɓa albashinsa, Alhaji ma yana zuwa gaisuwa da buhun shinkafa. Suna, ɗaurin aure, kai iyali asibiti, duk ana tafiya. Da damina yaran mota suna ɓacewa kwana biyu su je shuka ko noman farko, a rufe ido. Wakilin kamfanin waje in kawunsa ya rasu sai ya cika takarda, a cire kwanakin daga hutunsa na shekara.

Wannan abu ne mai daraja, kuma ina ganin masu rubutu kan harkar gudanarwa suna raina shi ne don bai zo da sunan Turanci ba. Ya san rayuwar mutanenmu fiye da kowane tsari da aka rubuto daga waje.

Sai dai alfarma ce, kuma alfarma tana bin fuska. Wanda ya daɗe da Alhaji, ko ɗan garinsu, ko wanda ya iya shigar da magana a lokacin da ran maigida ke sanyi, shi ke samu. Mai kunya da sabon zuwa sukan haɗiye uzurinsu. Sannan akwai abin da ake biya da shi, wanda ba a faɗa. Wanda aka bari ya je makoki kwana bakwai ba zai iya cewa a'a ba idan tirela ta iso ƙarfe goma sha ɗaya na dare aka kira shi sauke kaya. Lokacin buɗewa sananne ne, ƙarfe takwas. Lokacin tashi kuwa sai sa'ad da Alhaji ya miƙe. Babu kuɗin ƙarin lokaci, babu ranar hutu tsayayya, ko da yake doka ta tanadi hutun yini ɗaya cikin kowane bakwai, da hutun aƙalla sa'a ɗaya ga wanda ya yi sa'a shida ko fiye yana aiki.

Abin da ya tada maganar

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli ta wuce 600. Kuɗin kabu-kabu da na keke napep ya bi bayanta, albashi yana nan inda yake. Jihohin Kwara da Edo suka rage wa ma'aikatansu kwanakin zuwa ofis zuwa uku a mako. Kaduna dama ta koma kwana huɗu tun Disamba 2021. Labarin yana rediyo kullum, don haka maganar rage kwanaki ta shiga bakin kowa a siton.

A watan Agusta kuma aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, cinikin Illela ya ja baya. Alhaji ya ce ba shi da halin ƙara albashi, kuma gaskiya ya faɗa. Makara ta yi yawa, don wasu sun koma takowa da ƙafa rabin hanya. Wasu suka fara fashin yini guda a mako da uzurin ciwo.

Wadda abin ya fi matsawa ita ce akawun. Tana zaune ta wajen Kwannawa, sai ta hau abin hawa biyu kafin ta iso, ga goyo. Ba ta taɓa neman alfarma ba, don ba ta iya tsayawa gaban Alhaji ta yi dogon bayani. Ta manaja ta aika cewa za ta ajiye aiki ƙarshen wata. Ita kaɗai ta san lissafin bashin da ke kan 'yan kasuwa, kuma Alhaji ya yarda da amanarta, yana kiranta ɗiyata. Tafiyarta ba ƙaramar asara ba ce.

Gwajin farko

Wakilin kamfanin waje ne ya ba da shawara, da kyakkyawar niyya: a bar ta ta yi kwana biyu a gida, kamar yadda ake yi a wurinsu. Alhaji ya saya mata kwamfuta ta hannu, aka fara.

Bai yi wata biyu ba ya watse, kuma dalilan sun cancanci a tsaya a kansu. Aikin akawu a irin wannan sito ba cikin kwamfuta yake ba. Yana cikin rasit ɗin da direba ya dawo da shi a naɗe cikin aljihu, da tsabar kuɗin da mai sayarwa ya zube a tebur da yamma, da ɗan kasuwar da ya zo da kansa yana rantsuwa ya biya rabin bashinsa makon jiya. Ranar da ba ta nan sai takardu su taru, ranar da ta zo ta yi aikin kwana biyu. An gwada ɗaukar hoton rasit a tura mata ta waya, sai data ta ƙare ko hoton ya fito dishi-dishi.

A gida kuma ba wanda ya ɗauka aiki take yi. Mace tana zaune a ɗaki, to ai tana nan: maƙwabciya ta shigo, a aiko yaro, surukuwa ta kira, girkin rana ya dawo kanta. Wannan ba mugunta ba ce daga kowa. Gidajenmu ba su saba da mace mai aikin ofis a tsakar gida ba, kuma ba a canza wannan da sayen kwamfuta.

Shi ma Alhaji hankalinsa bai kwanta ba. Mutum ne da ya gina dukiyarsa da ganin ido, ya saba ya ɗaga kai ya ga kowa a wurinsa. Sai ya riƙa kiranta a waya sau da yawa a yini, ba don wata tambaya ta gaske ba, don dai ya ji tana kan aiki. A cikin sito kuma gunaguni ya tashi. Direbobi suna cewa su ma mai ya yi musu tsada, me ya sa sai mai riƙe biro za a tausaya wa?

Abin da ya ƙarasa shi wuta ce. A watan Satumba 2023 gobara ta tashi a babbar tashar wutar Birnin Kebbi, wadda Sakkwato ke samun wuta ta hanyarta, gari ya shiga duhu. Kwamfutar ta mutu, wayar ma sai an kai shagon caji. Mutanen jihar dama ba su manta da Satumba 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 saboda matsalar tsaro. Aikin da ya rataya gaba ɗaya a kan wuta da intanet, a nan ba shi da tabbas. Kayan aro ba ya rufe katara.

Gwaji na biyu

Wannan karon daga ƙasa maganar ta taso. Manaja ya zauna da direbobi da mai kula da sito, sannan ya je wa Alhaji da "ranka shi daɗe" ɗinsa, ya ce a bar batun wurin aiki, a taɓa lokacin.

Abin da suka lura da shi mai sauƙi ne. Motocin da ke fita ƙauye ba su da amfani da ƙarfe takwas. Hanyoyin gabashin jihar, ta wajen Goronyo da Rabah, direba yana son ya je ya dawo kafin la'asar saboda tsaro, don haka gara ya tashi da sassafe. Masu shagunan cikin gari kuwa ba sa buɗewa sosai sai hantsi, cinikinsu yana kaiwa magariba. Ashe an daɗe ana tara kowa tun safe har dare don aikin da rabinsa na safe ne, rabinsa na yamma.

Sai aka raba mutane rukuni biyu. Rukunin safe suna farawa bayan sallar asuba, su yi lodi da sanyin safiya, su fita, in sun dawo sun miƙa lissafi sun tashi. Rukunin rana suna shigowa da hantsi su riƙe cinikin gari har a rufe. Aka daidaita mako da ranakun kasuwa: wanda ya je Illela ranar Lahadi yana hutawa Litinin, motar Achida tana fita Laraba, ranar Juma'a kowa ya tashi kafin masallaci sai mutum biyu da ke juyawa. Motoci biyu na kamfanin Alhaji da dama suke kwana a gidajen direbobi aka ce su riƙa ɗauko abokan aiki a hanya, ɗaya ta Mabera, ɗaya ta Arkilla. Wannan kaɗai ya sauke wa mutane da yawa kuɗin zuwa.

Akawun ta koma zuwa kwana biyar maimakon shida, daga hantsi zuwa bayan la'asar, lokacin da kuɗi da rasit ke dawowa. Aka gyara mata ƙaramin ɗakin da ke bayan ofis, ƙanwarta tana zuwa da ita ta riƙe jaririn. Dokar ƙwadago dama ta ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a yini, abin da babu wanda ya sani a siton har ita kanta.

A ganina abu mafi muhimmanci shi ne wanda ya fi kama da ƙarami. Manaja ya rubuta jadawalin a takarda ya manna a bango, aka kuma yarda cewa mutum biyu suna iya musanya rana tsakaninsu ba tare da sun je gaban Alhaji ba, su dai sanar da manaja. Daga ranar mai kunya da mai baki suka zama ɗaya a kan wannan batu. Yaron mota da ke son zuwa suna ba sai ya jira ran maigida ya yi sanyi ba, abokin aikinsa zai nema. Alfarmar Alhaji ba ta tafi ko'ina ba, tana nan ga rasuwa da rashin lafiya da sauran abin da ba a shirya masa. Amma uzurin yau da kullum ya fita daga hannunta.

Alhaji bai karɓa da sauƙi ba. Makonnin farko yakan iso da la'asar ya ga rabin mutanensa ba sa nan, ransa ya ɓaci, sai manaja ya buɗe masa littafi ya nuna masa motocin da suka fita da kuɗin da ya shigo. Ya ɗauki lokaci kafin ya saba da duba littafi a maimakon ƙirga kawuna, kuma har yanzu wani lokacin yakan koma gidan jiya.

Azumin 2024, wanda Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar cewa zai fara ranar 11 ga Maris, ya faɗo a farkon zafi, a nan ne tsarin ya nuna amfaninsa. An matso da kusan dukkan lodi zuwa bayan sahur da asuba. A cikin watan ne kuma aka buɗe iyakar Nijar ta ɓangaren Najeriya, cinikin sallah ya taso, sito ya ɗauki nauyin ba tare da an riƙe masu azumi suna ɗaga katan da tsakar rana ba. Fashin ƙarya ya ragu ƙwarai, akawun ba ta tafi ba.

Inda bai kai ba

Agogon Legas bai motsa ba. Manhajar kamfanin waje tana rufe karɓar odar yini da yamma, alhali rukunin rana ba su gama ciniki ba, sai wakilin ya riƙa matsa wa mutanen Alhaji su ba shi lissafin da bai kammala ba. Shi kansa, mai tsari a rubuce, ya zama wanda ya fi kowa daɗewa a siton: yana nan da asuba don ya ga fitar motoci, yana nan da yamma don taron intanet. Ya rubuta wa shugabansa yana neman a daina saka taro ranar Juma'a da rana. An amsa masa da ladabi, an ɗaga na wata guda, sannan aka koma.

Sai 'yan dako, kuma a nan ne raina bai kwanta da wannan labari ba. Jadawalin bango babu sunansu. Su ake kira da asuba su yi lodin rukunin safe, su ake nema da rana in tirela ta zo, su ake tasa da dare. Raba aiki gida biyu ya rage wa masu albashi sa'o'i, su kuwa ya tsawaita musu zaman jira, kuma zaman jira ba a biyansa, katan ake biya. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai naira 30,000 a 2019 ta koma 70,000 a Yulin 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi wanda ake biya gwargwadon abin da ya yi ba. Ta kowace fuska suna waje. Idan an tambaye su za su ce su ai lokacinsu nasu ne, ba wanda ya ɗaure su, kuma haka ne. Amma wanda in ya tafi gida wani zai ɗauki lodinsa, da wuya ya tafi. Maigadi ma yana nan yadda yake, dare bakwai a mako.

Bayan sallah manaja ya kawo shawarar a raba 'yan dakon su ma rukuni biyu, a kuma sa ɗan ƙari a kan katan ɗin da aka sauke bayan isha'i. Alhaji ya yarda da rabawar, ya ce ƙarin sai ya yi magana da kamfanin waje, tun da direbobin tirelarsu ne ke isowa da dare, su ya kamata su ɗauki wani kaso. Wakilin ya tura buƙatar sama. 'Yan dakon da kansu suka rabu biyu a kan rabawar: manyansu masu iyali suna so, matasan suna tsoron kada samunsu na yini ya ragu. A lokacin da aka rufe wannan nazari ba a fara ko ɗaya daga cikin biyun ba, kuma babban ɗan Alhaji, wanda ya fara zama a ofis, ya kawo maganar sayo na'urar dangwala yatsa don a san wanda ya zo da wanda ya makara.